Yadda Ni da Gwaggo Muka Nemi Ɗaki a Kumasi

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A ɗakin malamai, a gidan suna, har a layin asibiti, sai an sami mai cewa, "Malama Rabi, wai yaya Kumasin take? Da gaske ne suna kiɗa a gidan mutuwa?" In na fara ba da labari sai a buga ƙararrawa ko yaro ya fashe da kuka, a watse ban kai ko Legas ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in zayyana shi tun daga ƙofar gida, kowa ya huta.

Ni malamar aikin gona ce a makarantar 'yan mata. Gidanmu wani ƙauye ne kusa da Makoda, inda gona ke jingine da gona, duk inda ka tsaya kana hango rufin wani gida. Na daɗe ina neman gurbin digiri na biyu a kan fumfunar nan da ke kama gyaɗa a rumbu har masu saye su ƙi ta. Sai ga shi wata jami'a a Kumasi, ƙasar Ghana, ta ɗauke ni, har da tallafin da zai biya makaranta ya bar ɗan abin sawa a baki. Amma labarin ya zo a shekarar da kowa ya sani. Mai ya yi tsada har masu babur suna kashe inji a gangare, taki ya fi ƙarfin manomi, gidajen da ke auna masara da kwano sun koma gwangwani. Ga kuma Ummi, 'yata, ko zama ba ta gama iyawa ba, kuma ba ta san wani abinci ba sai nono.

Maigidana Malam Auwalu yana noman rani a Watari, ba zai iya barin tumatirinsa ya bi ni ba. Da na nuna masa takardar ya karanta, sannan ya ce, "Ki tafi, Rabi. Irin wannan ba ta zuwa kullum. Amma ga sharaɗina: in na ji yarinyar nan tana wahala, ki tattaro ki dawo. Ba faɗa, ba fushi."

Na ce na yarda.

Saura mai riƙe mini Ummi in na shiga aji. Nan Gwaggo Talatu ta shigo labarin. Ƙanwar babana ce, mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk sun yi aure, sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Iyakar tafiyarta a duniya birnin Kano. Da aka fara yi mata kwana-kwana don kada ta tsorata, sai ta katse maganar ta ce, "Kakanmu da ƙafa ya je Gwanja sayen goro, yana kora jakuna. Ni da za a ɗora a mota me zai gagare ni?"

Ranar tafiya na ga kayanta na riƙe baki. Kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, daddawa cike da bokitin fenti, ga muciya ta leƙo daga bakin buhu.

Na ce, "Gwaggo, can ma fa ana tuwo."

Ta ce, "Da muciyar wa?"

Hanyar Nijar a rufe take a lokacin, saboda haka ta kudu muka bi. Daga Makoda muka zauna a hayis muna jiran ta cika har rana ta ɗaga, don mutane sun rage tafiya. Daga Kano muka shiga babbar mota zuwa Legas, muka kwana a hanya. Gwaggo ba ta runtsa ba. Duk garin da aka tsaya sai ta tambaye ni, "Nan ne?" In na ce ko rabi ba mu yi ba sai ta ce, "Allah ya jiƙan kakanmu, ashe mutumin nan ya sha wuya."

A tashar Legas Allah ya haɗa mu da wata Bayarabiya mai fataucin atamfa, Iya Kemi. A Sabon Garin Kano ta girma, Hausarta tana nan da sauranta. Ta dube mu da goyo da bokiti da muciya, ta ce, "Ku biyo ni, kada ku kula kowa, kada ku miƙa wa kowa fasfo sai wanda na nuna muku." Haka muka bi ta kamar 'yan tsaki. Iyaka uku muka ƙetare a yini guda: a sauko, a yi layi, a duba katin rigakafi, a buga hatimi, a koma mota. A ƙasar Benin da Togo Turancina ya zama banza, sai Faransanci. Ni mai digiri na tsaya ina inda-inda gaban mai sayar da burodi, Gwaggo kuwa ta nuna da yatsa, ta girgiza kai, ta yi kamar za ta tafi, aka kira ta aka ƙara mata ɗaya.

A Lome hanya ta bi ta bakin teku. Gwaggo ta manna fuska a gilashi tana kallon ruwan. Can ta juyo ta ce, "Rabi, wannan dam ɗin wace gwamnati ce ta tare shi?"

Iya Kemi ta yi dariya har da hawaye. Da na ce wa Gwaggo ba wanda ya tare shi, kuma ruwan gishiri ne ba a ban-ruwa da shi, sai ta yi salati ta ce, "Duk wannan, ko albasa ba za ta sha ba?"

A iyakar Ghana wata jami'ar kwastan ta nuna bokitin ta ce a buɗe. Ana ɗaga murfin warin ya cika ɗakin, wani Bature da ke bayanmu ya ja da baya yana tari. Ita kuwa jami'ar sai ta sunkuya ta shaƙa, fuskarta ta washe, ta ce, "Dawadawa!" Ashe su ma haka suke kiranta. Ta ce 'yar arewacin ƙasar ce, ta daɗe ba ta ji mai ƙamshin wannan ba. Gwaggo ta gane ana yabon hannunta ne, ta fara bayanin yadda ake dafa kalwa, da Hausa zalla, har sai da na ja mata zani.

A Accra muka rabu da Iya Kemi, washegari muka isa Kumasi ana ruwa. Garin duk tudu da gangare ne, ga kore ko'ina har kan katanga. Wani mai sayar da goro a Kano, abokin maigidana, ya riga ya haɗa mu da 'yar'uwarsa Hajiya Mariya da ke unguwar Zango. Kakanninta fatake ne daga ƙasar Katsina, ita kuwa a can aka haife ta. Mace ce mai jiki da murya, gidanta cike da jikoki. Ta fito ta rungume Gwaggo tana cewa, "Sannu da zuwa, Mma! Ka sha hanya. Kawo yaro in gani, ya yi barci?"

Gwaggo ta matso kusa da kunnena ta ce, "Matar nan idonta lafiya kuwa? Ni take ce wa ka?"

Haka Hausar Zango take, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne. Gwaggo ta yi ta gyara musu har ta gaji ta bari. In ban da wannan, Zango gida ce. Kiran salla ta kowace kusurwa, koko da ƙosai da safe, wake da shinkafa a ganye, ga tuwon da suke kira tuwon zafi. Hajiya ta ba mu ɗaki a cikin gidanta ta ce kada in kuskura in yi mata maganar haya. Gwaggo ta rataye muciyarta a ƙusa ta ce, "Alhamdulillahi, mun sauka."

Ni ma haka na zata, sai da aka fara karatu.

Zango tana gabashin gari, makarantarmu kuwa tana can yamma, bakin fita. Motar hayarsu ƙananan bas ne irin hayis ɗinmu, suna kiransu torotoro, kwandasta yana rataye a ƙofa yana kiran sunan unguwa da sauri kamar mai karanta lazimi. Abin da ya burge ni shi ne layi. Mutane su jeru a tasha ba mai tura wani, mota ta zo a shiga ɗaya bayan ɗaya. Na tuna yadda muke cusa jaka ta taga mu kama kujera a gida, na ji kunya ni kaɗai. A cikin motar kuma wani zai miƙe ya yi wa'azin coci, yana zama mai maganin basir ya karɓa, wannan kam irin namu ne.

Matsalar ita ce babu motar da ke tafiya kai tsaye. Sai na shiga ɗaya zuwa Kejetiya, wato babbar kasuwar tsakiyar gari, in sauka, in ratsa kasuwar da ƙafa cikin masu ɗauke da kaya a ka, in nemo wata tashar, in sake yin layi. Daga nan kuma cunkoso, mota ta yi taku ɗaya ta tsaya. Na yi niyyar in riƙa dawowa da rana in ba Ummi nono in koma, don ba a shiga ɗakin gwaji da jariri. Ranar farko na gane wannan mafarki ne. Na ɓata a kasuwa, na shiga motar da ba tawa ba, ban ga ƙofar gidan Hajiya ba sai bayan la'asar.

Tun daga soro na jiyo Ummi. Ba kuka ba ne irin na kullum, muryar ta dishe, sai wani ƙaramin sauti kamar na mage. Gaban rigata ya jiƙe sharkaf, ƙirjina kamar an ɗora duwatsu. Gwaggo tana zagaye tsakar gida da ita, zufa ta wanke mata fuska. Ta ce, "Na ba ta koko ta furzar. Na ba ta madara a kwalba ta ture. Wata mai jego a maƙwabta ta ce in kawo ta shayar da ita, na ce wannan ba hurumina ba ne, sai da izinin ubanta." Na zauna a ƙasa ko takalmi ban cire ba. Ummi ta kama nono tana sha tana ajiyar zuciya, ni kuma hawaye na ɗiga a kanta.

Haka muka yi ta yi. In fita da asuba, in dawo a gajiye, yarinya tana ramewa a idona. Wata rana Malam Auwalu ya kira ina shigowa ke nan. Muna cikin gaisawa sai ya ce, "Rabi, muryar wa nake ji haka?"

Na ce, "Ummi ce."

Ya saurari kukan. Sannan ya ce, "Ba zan ce ki dawo yau ba. Amma kin san maganarmu."

Na san ta. Washegari na fara neman ɗaki kusa da makaranta.

Ɗakunan kwanan ɗalibai ba sa karɓar mai goyo. Sai aka haɗa ni da wani dillali, ɗan gaye da kwat da lema, ya ce yana da ɗaki mai sauƙi wanda daga tagarsa ana hango makaranta. Muka tafi da Gwaggo da Ummi. Bai yi ƙarya ba, ga tankin ruwan makaranta can muna gani. Abin da bai faɗa ba shi ne akwai kwari da rafi a tsakani, kuma babu torotoron da ke shiga unguwar. Muna cikin duba ɗakin ruwa ya sauko. Dillali ya buɗe lemarsa ya ce bari ya je ya dawo, har yau bai dawo ba. Da ruwan ya tsagaita muka fito, hanya ta zama jan kunu. Gwaggo ta sa ƙafa, ta ciro ƙafa, silifa ta zauna a ciki. Ta duƙa tana lalube tana cewa, "Sabuwa ce fa, a Dambatta na saye ta!" Daga ƙarshe wani mai babur ɗin ɗaukar kaya ya tausaya mana, muka hau kan lodin ayaba, Gwaggo da silifa ɗaya a ƙafa, har bakin titi.

Da na ba wa Abena labari, wata 'yar ajinmu mai 'ya'ya biyu, ta yi dariya sannan ta ce, "Kuskurenki kina neman gida ne. A garin nan mota ake fara nema. Ki tsaya a ƙofar makaranta ki shiga torotoron da ya fi yawan wucewa. Ki lura da inda cunkoso ke farawa, ki sauka kafin nan. Duk ɗakin da kika samu a wurin, in dai kwalta ta kai ƙofarsa, shi ne naki, ko da ya fi tsada, ko da ba ki san kowa ba."

Ranar Asabar muka yi yadda ta ce. Daga ƙofar makaranta motar ta yi ta gudu ba tsayawa, har muka iso wata mararraba inda na ga motoci sun fara taruwa a gaba. Na ce a sauke mu. Unguwa ce ta ƙabilar Asante zalla, ba hula ba mayafi. Rana ta buɗe, Ummi ta fara neman nono, muna waige-waigen inuwa. Sai muka ji kiɗa. A wani layi dab da titi an kafa rumfuna, an jera kujeru, mata da maza sun sha ja da baƙi, ana rawa, ana raba lemo. Wata mata ta hango mu da goyo ta yafito mu, ta ba mu kujera a inuwa.

Ina shayar da Ummi, Gwaggo tana kaɗa kafaɗa. Ta nuna mini wani babban hoto da aka kafa, na wani dattijo yana murmushi, ta ce, "Angon dai ya ɗan manyanta, amma da alama mai hali ne." Kafin in ce wani abu ta miƙe. Ta ce ba a shan lemon mutane a tafi ba a yi musu murna ba. Ta nufi wata dattijuwa da ke zaune a tsakiya mutane suna layin gaishe ta, ta kama hannunta ta ɗaga murya: "Allah ya sanya alheri! Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo ƙazantar ɗaki!"

Wani tsoho da ke gefe ya ƙware da lemo. Sunansa Baba Seidu, tsohon direba ne daga arewacin ƙasar, yana jin Hausa. Da ya samu numfashi ya ce, "Mma, ba aure ba ne. Mutuwa ne. Mai hoton nan shi ya rasu, wannan matarsa ne."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Gwaggo ta tsaya baki buɗe, ta dubi masu rawa, ta dubi hoton, ta dubi matar. Sai a lokacin ta lura da idanunta, sun kumbura sun yi ja. Ban san abin da ya zo mata a rai ba, ina jin marigayi mijinta ta tuna. Sai kawai ta durƙusa a gaban matar, ba ta saki hannun ba, ta ce a hankali, "Ashe ke ma an bar ki. Sannu, 'yar'uwa. Sannu." Hawaye suka zubo mata. Matar ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ta jawo kujera ta zaunar da Gwaggo kusa da ita, suka zauna hannu cikin hannu ana ta kiɗa a kansu.

Sunanta Mami Akosuwa. Ta tambayi Baba Seidu su wane ne mu, me ya kawo mu, ya tambaye ni, na faɗa masa gaskiya. Ta dubi Ummi ta yi magana. Ya ce, "Ya ce akwai ɗaki a bayan gida, na 'yarsa da ya koma Accra. In an gama makoki ku zo ku gani."

Mun gani, ɗakin ya yi. Ga famfo a tsakar gida, ga kwalta har ƙofa, ga titi ana jiyo kiran kwandasta. Abin da ya rage shi ne wanda ya fi wuya, wato faɗa wa Hajiya Mariya. Gwaggo ta ce ita ba da bakinta ba. Da na faɗa mata, Hajiya ta ajiye ludayin da ke hannunta.

"Me na yi muku? Abinci ne bai isa ba? Ka bar gidan Musulmi, ka bar 'yan'uwanka, ka tafi gidan da ba ka san abin da ake dafawa a tukunya ba? Mutanen Zango su ce na kori baƙi?"

Na rantse mata ba haka ba ne, ta ƙi saurara. Har ta daina amsa gaisuwata da sakin fuska. Abin ya dame ni, don matar nan ba ta yi mana komai ba sai alheri. Daga ƙarshe na ce, "Hajiya, ke uwa ce. Ba zan tare a gidan da ba ki gani ba. Ki raka ni ranar Litinin ki duba mini. In kin ce bai yi ba, na haƙura." Ta ce za ta kira ɗanta ya kai mu a tasi, don ita ta manta rabonta da torotoro. Na ce a'a, ta hanyar da nake bi kullum za mu bi.

Muka fita da sassafe. Layin farko ta yi shi tana fira. A Kejetiya aka taka mata ƙafa, wata mai ɗauke da tiren kifi ta goga mata a kafaɗa, mayafinta ya maƙale a ƙofar mota. A layi na biyu ta daina magana. Cikin cunkoso tana ta fifita da gefen mayafi, mai wa'azi yana ihu a saitin kunnenta. Na wuce da ita har ƙofar makaranta don ta ga iyakar tafiyar, sannan muka tsallaka muka shiga mota ɗaya, kafin ta gama gyara zama mun iso mararraba. Ta zauna a dakalin gidan Mami ta ce a ba ta ruwa. Ta shanye, ta dube ni.

"Kullum haka kake yi? Da nono a ƙirji, yaro yana gida yana kuka?"

Na ce, "Kullum, Hajiya."

Ta ce, "Kai ma ba ka da kirki. Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Daga nan ta karɓe ragamar. Ta juya harshe zuwa yaren Asante, wanda take ji kamar ruwa, ta tsare Mami da tambayoyi. Ta leƙa banɗaki, ta murɗa famfo, ta sa aka yi alkawarin ɗaure karen gidan a bayan kicin. Mami ta so a biya hayar dogon lokaci a dunƙule kamar yadda suke yi a can, Hajiya ta yi ta magana har aka koma zango-zangon karatu. Ta shiga ɗakin ta tsaya ta nuna mana alƙibla. Da za ta tafi ta ce, "Kowace Juma'a ku zo ku ci tuwo. Ranar da ban gan ku ba zan zo in kwashe ku."

Ba zan manta ranar farko bayan mun tare ba. Aka tashi hutun rana, na tsallaka titi, na shiga mota ɗaya, na iso na tarar Ummi ta fara ɗan ƙunƙuni ke nan, ko kuka ba ta kai ga yi ba. Ta sha ta ƙoshi, na yi azahar, na ci ɗumame, na koma har na riga malamin shiga. Da yamma na kira Malam Auwalu, ban ce komai ba, na kara wayar a bakin Ummi Gwaggo tana yi mata cakulkuli. Na ji ya yi dariya, ya ce, "To, ki yi karatunki."

Sauran zaman duk daɗi ne. Mun koyi cin dokunu, wato tuwon masararsu mai tsami, da soyayyen kifi da wani baƙin yaji mai sa hanci zuba. Sakwararsu kuwa ba a taunawa, haɗiya ake yi, in ka tauna yara su yi ta kallonka. Yadda suke daka ta ya hana Gwaggo sukuni: ɗaya yana luguden taɓarya, ɗaya yana juya ta da hannu a cikin turmin. Kullum sai ta rufe ido ta ce, "Yau kam sai an kai wani asibiti." Ba a taɓa kai kowa ba. Mami ta ware mana tukwanenmu ba tare da an roƙe ta ba, kuma in ta ga mun shimfiɗa darduma sai ta rage rediyo. Mu ma ranar Lahadi in 'yan cocinsu sun zo waƙa mukan fito mu gaishe su. Gwaggo ta fara ƙuli-ƙuli a tsakar gida, kafin wani lokaci har daga wasu layukan ake aikowa. Ta kuma iya hanya fiye da ni, ranar Juma'a takan goya Ummi ta riga ni zuwa Zango ita kaɗai.

Saboda haka masu tambayata don ƙannensu ko 'ya'yansu da za su tafi karatu wani gari, abin da na sani ke nan: kada a kama ɗaki don an hango makaranta ta taga, kada kuma a kama don unguwar ta 'yan'uwa ce kawai. A fara shiga motar, a lokacin da za a riƙa shigarta, in da hali ranar da ake ruwa.

Abin da ban taɓa ganewa ba shi ne firar Gwaggo da Mami. Kowace yamma sukan zauna a dakali, wannan tana ɓarar gyaɗa, waccan tana gyaran kifi. Gwaggo ta yi ta zuba da Hausa, Mami ta amsa da yarenta, su yi dariya tare, wani lokaci su yi shiru tare. Har muka gama ba wadda ta koyi yaren 'yar'uwarta in ban da gaisuwa.

Ranar da za mu taho, bayan na kare bincikena an sa hannu, Hajiya ta zo da jikokinta da ƙullin goro. Mami kuwa ta ce sai ta raka mu tasha. Ta ɗauki Ummi, wadda yanzu take gudu da ƙafarta, ta riƙe ta a cinya har muka isa. Da aka fara kiran fasinja ta kama hannayen Gwaggo biyu, ta yi magana mai tsawo, tana hawaye. Gwaggo tana gyaɗa kai tana cewa, "Amin. Amin. Ke ma haka. Wallahi ni ma haka."

Mota ta tashi. Gwaggo ta juya tana ɗaga hannu har muka sha kwana, sannan ta zauna tana share fuska da bakin mayafi. Na bari ta ɗan natsu, na ce, "Gwaggo, wai me ta ce miki?"

Ta ce, "Yo ina na sani?"

Na ce, "To, amin ɗin me kike ta cewa?"

Ta dube ni kamar na yi tambayar yara. Ta ce, "Rabi, ke da karatunki. Matar da muka zauna da ita haka, in ta riƙe hannuna tana kuka, sai an fassara mini?"